Daga ina gishirin teku ya fito, alhali koguna ruwan daɗi suke zuba masa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a sakandare. An koya mana cewa ruwan sama ba shi da gishiri, shi ne yake cika koguna, koguna kuma su zuba a teku. To idan duk ruwan da yake shiga teku ruwan daɗi ne, ina gishirin ya samo asali? Kuma shin kullum ƙaruwa yake yi?

Amsa: 'Yata, tambayarki ta ginu ne a kan abin da kusan kowa ya ɗauka gaskiya ne, wato ruwan kogi ba shi da gishiri. Yana da shi. Harshe ne kawai bai kai ya ji ba. Ki samu gilashi mai tsabta, ki ɗiga masa ruwan kogi ko na rijiya ɗigo huɗu ko biyar, ki ajiye a rana. Idan ya bushe ki ɗaga shi wajen haske, za ki ga wani siririn farin zobe daidai inda bakin kowane ɗigo ya tsaya. Ki sake gwadawa da ruwan ɗakin gwaji, wanda aka tafasa aka tara tururinsa, za ki ga gilashin ya bushe tas kamar ba a taɓa jiƙa shi ba. Wannan farin zoben shi ne gishirin da kike nema.

A lissafin matsakaici, lita ɗaya ta ruwan kogi tana ɗauke da kusan giram 0.1 na narkakkun sinadarai. Kilo ɗaya na ruwan teku kuwa yana da kusan giram 35. Tazarar ta wuce ninki 300, shi ya sa ɗaya yake da daɗi ɗaya kuma ba ya shayuwa. Amma kaɗan ɗin nan idan aka haɗa na kogunan duniya gaba ɗaya, yana kaiwa wajen tan biliyan 4 a kowace shekara. Rana kuma idan ta daki teku, ruwa zalla take ɗagawa ya zama tururi, gishiri ba ya bin sa. Ruwan ya koma gajimare, ya sauko a kan tudu, ya sake wanko wani gishirin ya kawo. Ruwa yana zuwa yana komawa, kayan da ya ɗauko kuwa a can yake sauke su.

Kafin mu ci gaba, sai kin san abin da masana sinadarai suke nufi da gishiri, domin ya fi wanda kika sani faɗi. Duk sinadarin da ya haɗu daga ayon, wato ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki, iri biyu da suka riƙe juna, irin wanda ake samu idan asid ya gamu da abin da yake kashe kaifinsa, gishiri ne a wurinsu. Allin rubutu da dutsen da ake yin siminti da shi duk suna cikin dangin. Wanda kowa ya sani, sodiyam kulorayid, NaCl, ɗaya ne kawai daga cikinsu.

Ki dubi yadda shi wannan ya haɗu, don a nan ne rabin darasin yake. Ƙwayar zarra ta sodiyam, wato atam ɗinsa, tana da ilektiron 11, a jere 2, 8, 1. Wannan ɗayan da ke zagaye na waje shi kaɗai yake, kuma riƙon da aka yi masa sako-sako ne. Kulorin yana da 17, a jere 2, 8, 7, saura ɗaya zagayensa na waje ya cika. Da sun haɗu sai sodiyam ya saki ɗayan nan, kulorin ya karɓe. Sodiyam ya zama ayon mai caji +, a rubuta shi Na⁺, kulorin ya zama ayon mai caji −, a rubuta Cl⁻, a kira shi kulorayid. Caji mabambanta suna jan juna, don haka sai su jeru, kowane Na⁺ da Cl⁻ shida kewaye da shi, kowane Cl⁻ da Na⁺ shida, haka har su gina ƙwayar gishiri mai kusurwoyi kamar ɗan akwati. Abin da yake ba ni mamaki har yau shi ne halin iyayen. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi da wuƙa take yankawa, a cikin mai ake ajiye shi don idan ya taɓa ruwa tafasa yake yi har ya kama wuta. Kulorin iska ce mai guba, launinta tsakanin kore da rawaya, an yi amfani da ita a matsayin makami a yaƙin duniya na ɗaya a 1915. Ilektiron ɗaya tak ya canza hannu, sai ga abin da jikin mutum ba ya rayuwa sai da shi.

Riƙon da ayon ɗin nan suka yi wa juna ba na wasa ba ne. Idan da wuta za ki raba su, sai zafi ya kai digiri 801 kafin gishiri ya zama ruwa-ruwa. Amma ruwan sanyi yana wargaza shi cikin minti ɗaya. Sirrin yana cikin siffar molikul ɗin ruwa, H₂O. Oksijin ɗaya ne a tsakiya da haidurojin biyu, kuma ba a miƙe suke ba, a lanƙwashe suke da kusurwa mai digiri 104.5. Oksijin ya fi ƙarfin jan ilektiron ɗin da suke tarayya a kansu, don haka gefensa yana da ɗan caji −, gefen haidurojin kuma ɗan caji +. Ƙwayar gishiri tana faɗawa ruwa sai molikul su yi mata caa. Waɗanda suka nufi Na⁺ su juya masa gefen oksijin, waɗanda suka nufi Cl⁻ su juya masa gefen haidurojin. Kowanne ƙarfinsa kaɗan ne, amma suna da yawa kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya. Su fizge ayon na bakin kusurwa, su kewaye shi, su yi gaba da shi, na bayansa ya fito fili, shi ma a ɗauke. Gishirin bai ɓace ba, yana nan a warwatse, kowane ayon da rakiyarsa. Don haka idan aka ce teku yana da gishiri, ba ƙwayoyi ne suke yawo a ciki ba, ayon ne. Shi ne ma dalilin da ya sa ruwan gishiri yake ɗaukar wutar lantarki, busasshen gishiri kuwa ba ya ɗauka.

Ki riƙe wani abu guda da zai yi mana amfani nan gaba: gishiri iri-iri ba daidai suke narkewa ba. Lita ɗaya ta ruwa tana iya shanye wajen giram 360 na sodiyam kulorayid. Kalsiyam kabonet kuwa, CaCO₃, a tsabtataccen ruwa ko giram 0.02 ba ya kaiwa.

To yaya ruwan sama yake cin dutse? Shi ma ruwan saman ba zalla yake saukowa ba. A cikin iska akwai kabon dayoksaid, CO₂, kusan kashi 0.04 cikin 100. Ɗigon ruwa yana shan wani abu daga ciki a hanyarsa, su haɗu su ba da asid mai rauni, kabonik asid, H₂CO₃. Shi ya sa ko a wurin da babu hayaƙin masana'anta ko ɗaya, ma'aunin pH na ruwan sama, wanda yake sauka idan asid ya ƙaru, yana wajen 5.6, ƙasa da 7 na ruwa zalla. Idan ya nutse cikin ƙasa abin yana ƙaruwa, domin saiwoyi da ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye suna numfasar da CO₂ a can, har ya ninka na sararin sama sau da yawa. Asid ne mai rauni ƙwarai, ba zai ƙone miki fata ba. Amma ba ya gaggawa, kuma ba ya hutu.

Dutsen da ya fi saurin ba da kai shi ne dutsen farar ƙasa, wanda jikinsa kalsiyam kabonet ne. Ruwa zalla ba ya iya masa komai, amma da CO₂ ya shigo sai labari ya sauya:

CaCO₃ + H₂O + CO₂ → Ca²⁺ + 2HCO₃⁻

Dutsen ya koma ayon na kalsiyam da na bayikabonet, duka biyu masu bin ruwa. Manyan ramukan dutse, wato kogo, da ke ƙarƙashin ƙasa a yankunan irin wannan dutse, wannan layin guda ne ya fafe su. Kuma yana iya juyawa baya. Idan ruwan ya rasa CO₂ ɗinsa, ko ta ɗiga daga rufin kogo ko ta tafasa, sai kalsiyam kabonet ya sake daskarewa. Farin ɓawon da yake taruwa a gindin butar dafa ruwa shi ne, haka tsinin dutsen da yake saukowa daga rufin kogo. Ruwan da sabulu yake ƙin yin kumfa a cikinsa ma kalsiyam da magnesiyam ne suka yi masa yawa.

Dutsen giranit ya fi taurin kai, kuma ya fi koyar da darasi. Idan kin samu gutsurensa sabon fashi, ki kawo shi kusa da ido. Za ki ga ba abu ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne iri uku a cakuɗe. Akwai masu kama da fasasshen gilashi, toka-toka, su ne kwaz. Akwai farare ko masu ɗan ja-ja, marasa sheƙi sosai, su ne felsfa, kuma su suka fi yawa. Sai ƙananan baƙaƙe ko masu walƙiya da ake iya ɓanɓarewa da farce, su ne maika. Yanzu ki nemi wanda ya daɗe a binne cikin damshi. Sau da yawa za ki iya murje shi da yatsu. Felsfa ɗin ya zama fari fat mai laushi yana shafa a hannu, baƙaƙen sun bar tabon tsatsa, kwaz kaɗai ne yake nan da kaifinsa. Abin da ya faru shi ne ayon na haidurojin daga asid ɗin nan sun kutsa cikin felsfa sun kori sodiyam da potasiyam da kalsiyam daga mazauninsu. Waɗanda aka kora sun bi ruwa tare da wani ɓangare na silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Abin da ya rage ya zama yumɓu. Ƙarfen da ke cikin baƙaƙen ya haɗu da oksijin ya yi tsatsa, ita ce take rina ƙasa ja. Kwaz da ya gagara ya zube ya zama yashi. Dutse ɗaya ya haifi yumɓu da yashi da jar ƙasa, ya kuma aika wa teku sodiyam.

A nan yawancin littattafan makaranta suke tsayawa: ruwan sama ya ci dutse, kogi ya kwashe, rana ta ɗauke ruwa ta bar gishiri. Idan kika rubuta haka a jarrabawa za a ba ki maki. Amma ni ban yarda a bar ɗalibi a nan ba, don amsar tana da rami, kuma mai tunani zai faɗa ciki. Da teku tarin ruwan kogi ne kawai da ya ƙafe, da abin da ya fi yawa a kogi shi zai fi yawa a teku. Ba haka ba ne. A ruwan kogi bayikabonet da kalsiyam ne a gaba, ga silika ma da yawa. A teku kuwa, cikin giram 35 ɗin nan, kulorayid ya kwashe kusan 19, sodiyam kusan 11. Su biyu sun tashi da kashi 85 cikin 100. Salfet yana da wajen giram 2.7, magnesiyam 1.3, kalsiyam da potasiyam kowanne kusan 0.4. Bayikabonet da ya cika kogi ya koma can ƙasan jeri, silika kuma sai an yi da gaske a auno shi. Tambayoyi biyu ke nan suka taso: ina kulorayid ya fito da wannan yawa, kuma ina kalsiyam ya tafi?

Kulorayid ba daga cin dutse ya fito ba, domin duwatsu irin su giranit kaɗan suke da shi. Daga cikin ƙasa ya fito a matsayin iska. Dutse mai aman wuta ba narkakken dutse kaɗai yake fitarwa ba, yana huro tururin ruwa da CO₂ da iskar salfa da haidurojin kulorayid, HCl. A farkon rayuwar duniya, lokacin da cikinta ya fi haka zafi, irin wannan numfashi ya fi na yau nesa ba kusa ba, kuma kulorin ɗin ya narke a ruwan farko da ya taru. Wani masanin ƙasa ɗan Amurka, William Rubey, ya nuna a 1951 cewa kulorin da ruwa da kabon da ke bisa doron ƙasa sun fi ƙarfin abin da zaizayar duwatsu za ta iya bayarwa, dole daga ciki suka fito. Ashe gishirin teku iyayensa ba gida ɗaya suka fito ba: sodiyam daga dutsen tudu, kulorayid daga cikin ƙasa. Kulorayid ɗin da ake samu a koguna yau ma, babban kasonsa na teku ne da ya dawo, ko ta feshin raƙuman ruwa da iska take ɗauka zuwa tudu, ko daga tsohon gishirin da wani teku ya bari a cikin ƙasa.

Kalsiyam kuwa masu jiransa suna da yawa. Dodon koɗi da kawa da murjani duk da kalsiyam kabonet suke gina gidansu. Amma manyan masu kwasar su ne waɗanda ido ba ya gani, ƙananan halittu masu ƙwayar rai ɗaya da suke yawo a saman teku, kowanne da sulken kalsiyam kabonet. Idan sun mutu sulken ya nutse ya taru a ƙasa, shekara bisa shekara, har ya danne ya zama dutse. Fararen duwatsun gaɓar Dover a Ingila tarin irin wannan sulke ne. Ƙololuwar dutsen Everest, mai tsayin sama da mita 8,800, dutsen farar ƙasa ne da ya kwanta a gindin teku, da burbushin halittun ruwa a jikinsa, kafin karon farantan ƙasa na Indiya da Asiya, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya masu motsi a hankali, ya ɗaga shi. Daga can ruwa da ƙanƙara suke sake cin sa suna maido da kalsiyam ɗin ƙasa. Silika ma wasu ƙananan tsirrai da ake kira dayatom suke kwashewa su yi wa kansu kwanson gilashi. Potasiyam yumɓu ne yake kama shi ya nutse da shi.

Sodiyam da kulorayid su ne marasa mai so. Halittu ba sa gina komai da su, yumɓu bai cika riƙe su ba, kuma kin tuna lita ɗaya tana iya ɗaukar giram 360, teku kuwa bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, don haka ba su da dalilin daskarewa. Ki ɗauka akwai ɗakin jira mai ƙofar shiga da ta fita. Masu farin kaya suna shigowa da yawa, amma kowa minti biyar yake yi a sallame shi. Masu baƙin kaya jifa-jifa suke shigowa, amma wanda ya zauna sai ya wuni. Idan kika leƙa da yamma, baƙin kaya za ki gani ya cika ɗakin, ko da yake mai tsaron ƙofa zai rantse farare sun fi shiga. Masana suna kiran wannan tsawon zama, kuma suna lissafa shi ta raba adadin sinadarin da ke cikin teku da adadin da yake shiga a shekara. Kalsiyam yana zaman kusan shekara miliyan 1. Sodiyam yana wuce miliyan 50, kulorayid ya fi shi ma daɗewa. Wannan ra'ayin na tsawon zama, a ganina, ya fi duk sunayen da ake sa ɗalibai su haddace amfani, don da shi ake fahimtar iska da tafki da ruwan ƙarƙashin ƙasa ma.

Sai rabin tambayarki na biyu, ko kullum ƙaruwa yake yi. Manyan masana sun taɓa ɗaukar haka. A 1715 Edmond Halley, wanda aka sa wa tauraruwa mai wutsiya sunansa, ya lura cewa tafkunan da koguna suke zuba musu amma ba su da mafita suna da gishiri, sai ya ba da shawarar a auna yadda gishirin teku yake ƙaruwa don a gano shekarun duniya. A 1899 John Joly na ƙasar Ayalan ya yi lissafin da sodiyam, ya samu kusan shekara miliyan 90. Ke ma za ki iya yin irinsa a bayan littafinki. Gishirin da ke cikin tekunan duniya ya kai wajen tan 5 × 10¹⁶. Ki raba da tan biliyan 4, wato 4 × 10⁹, da koguna suke kawowa a shekara. Za ki samu shekara miliyan 12 da ɗoriya. Amma awon da ake yi da ruɓewar sinadarai irin su yuraniyam ya nuna duniya tana da kusan shekara biliyan 4.5, kuma akwai duwatsu a Girinlan da suka kwanta a cikin ruwa tun wajen shekara biliyan 3.8 da suka wuce. Da shiga kawai gishiri yake yi, da tuni teku ya ƙoshi ya fara zubar da shi a ko'ina. Lissafin Joly daidai ne, zatonsa ne ya kauce: ya ƙirga ƙofar shiga ya manta da ta fita. Abin da ya auno a gaskiya ya fi kusa da tsawon zaman sodiyam.

Ƙofofin fitar suna da yawa. Wani gishirin yana binnuwa tare da ruwan da ya maƙale a cikin lakar gindin teku. Wani iska take kwashewa a feshi. Babbar ƙofar sodiyam kulorayid kuwa ita ce inda wani reshen teku ya yanke daga uwarsa a yanki mai zafi ya ƙafe. Idan ruwan teku yana ƙafewa, gishiri iri-iri suna fita ne bi da bi gwargwadon wuyar narkewarsu. Kalsiyam kabonet ne na farko. Idan ruwan ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar sai jifsam, wato kalsiyam salfet. Sodiyam kulorayid ba ya fara fita sai saura wajen kashi ɗaya cikin goma. Na potasiyam da magnesiyam su ne na ƙarshe, sai an kusa bushewa ƙurmus. Masu haƙar ma'adinai suna tarar da wannan jerin a kwance cikin ƙasa, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Misali mafi girma yana ƙarƙashin Bahar Rum. Kusan shekara miliyan 6 da suka wuce motsin ƙasa ya toshe hanyar da ke haɗa shi da Tekun Atlantika, ya yi ta ƙafewa, ya bar gishirin da kaurinsa ya wuce kilomita ɗaya a wurare da dama, kafin ruwa ya sake ɓallowa ta mashigar Jibralta wajen shekara miliyan 5.3 da suka wuce. Jirgin haƙa mai suna Glomar Challenger ne ya fara ciro shaidar hakan daga gindin tekun a 1970.

Akwai wata ƙofar da ba wanda ya gani da ido sai a 1977, lokacin da ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin ya sauka zurfin kusan mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos ya tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi a gindin teku. Bayan shekara biyu aka gano masu tsananin zafi a gabashin Tekun Pasifik, suna feso baƙin ruwa kamar hayaƙi, zafinsa ya kai digiri 350, bai kuma tafasa ba saboda nauyin ruwan da ke danne shi. A irin waɗannan wurare, inda farantan ƙasa suke rabuwa sabon dutse yana fitowa, ruwan teku yana tsiyaya cikin tsagogi, ya gasu, ya yi musaya da dutsen. Yana barin magnesiyam ɗinsa kusan duka da salfet, ya fito da kalsiyam da ƙarfe da tagulla. Gindin tekun kansa kuma ba dawwamamme ba ne, yana tafiya a hankali har ya nutse ƙarƙashin wani faranti, wani abu daga cikin abin da ya haɗiye ya sake fitowa ta bakin dutse mai aman wuta.

Saboda shiga da fita sun yi kusan kunnen doki, gishirin teku a dunƙule ba ya hawa yadda za a ce kullum ƙaruwa yake. Ɗigon tsohon ruwan teku da ya maƙale cikin ƙwayoyin gishirin dutse ya nuna sodiyam da kulorayid ne suke mulki tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru, ko da yake magnesiyam da kalsiyam sun yi ta hawa da sauka a tsakani. Kuma da yake teku yana gauraya kansa cikin wajen shekara 1,000, lokaci ƙanƙane idan aka kwatanta da zaman miliyoyin shekaru, rabon manyan ayon ɗin iri ɗaya ne a ko'ina. William Dittmar ya tabbatar da haka a 1884 bayan ya auna samfuri 77 da jirgin binciken Challenger na Birtaniya ya ɗebo daga tekunan duniya tsakanin 1872 da 1876. Albarkacin wannan, masu bincike sun daɗe suna auna kulorayid kaɗai su lissafo sauran.

Abin da yake bambanta daga wuri zuwa wuri shi ne yawan ruwan da aka tsarma gishirin da shi. Bahar Maliya yana kaiwa giram 40 a kilo, domin zafi ya yi yawa, ruwan sama kaɗan, kuma babu wani babban kogi da yake zuba masa. Tekun Baltik a arewacin Turai yawancinsa bai kai giram 10 ba, koguna sun yi masa yawa, rana ba ta da ƙarfi, mashigarsa kuma ƙunci gare ta. Mataccen Teku, wanda a gaskiya tafki ne da Kogin Urdun yake zuba wa, yana kwance fiye da mita 400 ƙasa da bakin teku, ba shi da inda zai zubar sai sama, gishirinsa ya kusa ninka na teku sau 10.

Tafkin Chadi shi ne ya saɓa wa abin da Halley ya lura da shi, kuma ya fi kowanne gwada ko ɗalibi ya gane. Yana bakin hamada, rana tana shan ruwansa ba sassauci, Kogin Shari yana kawo masa mafi yawan ruwansa, kuma babu kogi ko ɗaya da yake fita daga cikinsa. Bisa ƙa'ida ya kamata ya zama ruwan zartsi da ba ya shayuwa, amma ruwan daɗi ne. Ƙofar fitarsa a ƙasa take. Wani kaso na ruwan yana tsiyaya ta cikin yashi ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke kewaye, yana tafiya da gishirinsa, wani gishirin kuma yana daskarewa a laka da jikin halittun ruwa. Kason da yake tsiyayar ƙarami ne idan aka gwada da wanda rana take ɗauka, amma ya isa ya hana gishirin taruwa.